Wa Zai Riƙe Mata Yaron?

Tun kafin a kira assalatu a Magama, bakin iyakar Jibiya da Jamhuriyar Nijar, akwai matan da suka riga suka ci rabin aikin yini. Mai waina ta duba ƙullun da ta kwaɓa da daddare, ta hura wuta, ta ɗora tanda. Mai tuwo-tuwo ta aza tukunya tana jajjagen miya. Mai awara ta tace wakenta tana jiran ya tafasa. Da wuya ka ga wadda babu goyo a bayanta, ga kuma wani ɗan shekara uku riƙe da gefen zaninta. Direbobin da za su karya kumallo a rumfarta kafin su nufi Ɗan Isa da Maraɗi ba za su tambaye ta barcin awa nawa ta samu ba. Ranar da ta dafe kai ta ce jiri take gani, amsa ɗaya za ta ji daga miji, daga uwar miji, daga maƙwabciya, wani lokaci har daga ma'aikaciyar asibiti: a yi haƙuri, haka zaman duniya yake.

Haƙuri hali ne na ƙwarai, babu mai musun haka. Sai dai a wannan gaɓar an mayar da shi wata kafa da miji da dangi da hukuma suke bi su sulale daga haƙƙin da ke wuyansu. Wanda ya ce wa uwa mai sana'a ta yi haƙuri, alhali bai karɓi yaron ya riƙe mata ko na awa ɗaya ba, bai ƙara kuɗin cefane ba, bai kai ta an auna jininta ba, wannan bai yi mata nasiha ba. Ya sallame ta ne kawai cikin ladabi. Irin wannan haƙuri kuwa yana da farashi. Jikin uwar ne yake fara biya, sai jaririnta, sai kuma 'yarta mai shekara tara da aka cire daga aji don ta yi raino.

Akwai maganganu uku da ake karewa da su duk lokacin da aka taɓo wannan batu. Dukansu ba su da ƙafar tsayawa a Jibiya ta yau.

Magana ta farko: wai matan nan ba aiki suke yi ba

Wanda ya faɗi haka albashi yake nufi. A wurinsa aiki shi ne na ofis, mai takardar ɗauka da ranar biya. Amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da wannan takardar. In aka bi ma'auninsa, kusan duk ƙasar zaman banza take yi.

Sana'ar matan ƙasar Katsina tsohon zance ne. A shekarun 1960 masaniyar tattalin arziki Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, ta rubuta yadda matan kulle suke gudanar da cinikin hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci daga cikin gidajensu, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. A shekarun 1970 Enid Schildkrout ta nuna a Kano cewa ƙafafun wannan ciniki su ne yara masu talla. Abin da ya canza daga wancan zamani shi ne manufar ribar. A da mace tana tara ta ne don kayan ɗakin 'yarta da gudummawar biki. Yau a gidaje masu yawa ribar awara da ƙuli-ƙuli ita ce tuwon dare. Mijin da gonarsa ke bakin daji ya daina zuwa saboda 'yan bindiga. Mijin da ke dako ko kamasho a tasha ya zauna lokacin da motoci suka daina wucewa. Wani ya tafi ci-rani, wani an kashe shi, wani ya yi saki ya bar mata yara. Sana'ar da ake kira ta rage zaman banza ta koma ginshiƙin gida, amma har yanzu ana kallon mai yin ta kamar wadda ke da yini guda na hutu.

Ga kuma 'yan ƙalilan masu albashin: malamar firamare, ma'aikaciyar jinya, jami'ar shige da fice da aka turo daga wata jiha, nesa da uwa da 'yan'uwa. Su ma tambayar da ke tashe su da asuba ita ce ta mai waina: wa zai riƙe yaron?

Magana ta biyu: wai ai akwai dangi

Wannan ce maganar da ta fi ƙarfi, domin a da gaskiya ce. Bahaushe bai bar mai jego ita kaɗai ba. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Bayan haihuwa akwai kwana arba'in da ba ta shiga ɗakin girki, akwai tsohuwar da ke kula da wankanta da kununta, akwai ungozoma. A babban gida akwai kaka, da matan 'yan'uwan miji, da abokiyar zama wadda ranar girkinta hutu ce ga ɗaya. Akwai ƙawar biki, akwai adashi. Tsari ne cikakke, kuma ya yi aiki.

Amma zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ce aka ɗaure. Dangin mutanen Jibiya ba su san layin da Ingila da Faransa suka shata ba. Katsinawan Maraɗi zuriyar waɗanda suka bar Katsina ne bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma auratayya ba ta taɓa yankewa ba. Mace tana aure a Jibiya, uwarta tana Ɗan Isa ko Madarumfa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe wasu a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. A Nuwamban 2019 an hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuɗin mota ya tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Ke nan cikin ƙasa da shekara biyar, ƙofar ta yi fiye da shekara uku a garƙame. Samari sun ci gaba da ratsa daji a kan babur. Tsohuwar da za ta zo wankan jego ba ta iya wannan tafiya, mai ɗanyen goyo ma haka.

A ɓangaren Najeriya kuma tsaro ne ya watsa gidaje. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, na tsawon watanni, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure. Matar da mijinta ke Legas yana turo mata kuɗi ta waya ta rasa shi da kuɗin gaba ɗaya. A Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya bayan janye sojojin da ke ƙauyen, yara suka mutu a turmutsutsun gudu. Kafin wannan duka, ambaliyar Yulin 2018 ta kashe fiye da mutum 40 a garin, ta rushe gidaje masu yawa. Babban gidan da ke da kaka da faffaɗan tsakar gida ya koma ɗaki ɗaya na haya a bayan gari. Kakar da ake cewa za ta riƙe jika, ita ma tana can tana surfe ko wankau don ta ci.

Sai cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya. Adashi yana tafiya ne idan kowa yana da abin zubi. Maƙwabciya tana ba da rancen tiyar masara ne idan tata tukunyar ta cika. Talauci idan ya game unguwa, taimakon juna ne farkon abin da yake cinyewa. Mai cewa ai akwai dangi yana ba da labarin gidan da ya tashi a ciki ne shekara talatin da suka wuce. Ya kamata ya leƙa ya ga ko gidan yana nan.

Magana ta uku: wai damuwa ciwon masu hutu ne

Jiki bai san wannan ba. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba da rashin barci, jikinsa yana ta sakin sinadaran shirin ko-ta-kwana, irin su kotisol. Bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, cin abinci ya ragu, garkuwar jiki ta yi rauni. Ga mai shayarwa akwai ƙari: sinadarin da ke sa nono ya sauko yana ja da baya idan uwa tana cikin tashin hankali. Sai ta ɗauka nononta ya ƙafe, ta fara ɗura wa jariri ruwa da koko tun bai kai wata shida ba, gudawa ta biyo baya. Wanda ke goye a bayan mai tuya kuwa yana shaƙar hayaƙin icce yini guda, abin da aka tabbatar yana jawo wa ƙananan yara ciwon huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A nan ba a kiransa da sunansa. Mace za ta ce kanta ke sarawa, ko zuciyarta ke bugawa, ko jikinta ya mutu, sai a ba ta farasitamol, ko a ce iska ce. Wani nazari da aka buga a mujallar hukumar a 2011, wanda ya haɗa bincike 17 daga ƙasashe 11, ya gano cewa 'ya'yan iyaye mata masu ciwon damuwa sun fi sauran shiga haɗarin rama da tsumburewa da kusan ninki ɗaya da rabi. Dalilin a fili yake. Ciyar da yaron da ba ya son ci aiki ne mai buƙatar natsuwa da lokaci, kuma su ne abu biyun da uwar ba ta da su.

Tarihin likitanci a Arewa ma yana da darasi. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun bayyana yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, aka daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya fi karkata ga rama, da rashin ilimi, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. An yi shekaru ana zargin al'adar mata, ashe babban mai laifin talaucinsu ne.

Hujja mafi kusa tana Katsina. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aikin tamowa a jihar tun 2021, ta sanar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta cikin wata shidan farko na shekarar. A wannan sanarwar akwai wani adadin da bai samu kulawa ba: da aka auna iyaye mata 750 da suka kawo yaransu, fiye da rabi su ma suna da tamowa, kashi 13 cikin 100 mai tsanani. Uwar da ake yi wa faɗa don ta kawo yaro a makare, ita ma marar lafiya ce. Kuma lissafin da ya sa ta makara ba na jahilci ba ne. Kwana biyar a gadon asibiti yana nufin kwana biyar babu ciniki, jari ya narke, sauran yara huɗu babu mai dafa musu. A jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace tana haihuwar yara fiye da bakwai a matsakaici, mafi yawa a duk Najeriya, ba yaro ɗaya uwa take aunawa ba.

Dokar da ba ta san hanyar tasha ba

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16. Jihar Kaduna ta mayar da nata wata shida a 2019. Duk wannan alheri ne, amma yana tsayawa a ƙofar sakatariya. Mai waina ba ta da uban gidan da zai biya ta rabin albashi. Hutun haihuwarta yana ƙarewa ranar da kuɗin suna suka ƙare, wani lokaci tun kafin a yi arba'in. Ana yi mata wa'azin shayarwa zalla na wata shida a ranar awo, ba a gaya mata wanda zai tsaya a bakin tanda ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba, kuma a manyan birane suke.

Giɓin da doka da dangi suka bari, yarinya ce take cike shi. Ita ke goyon ƙaninta, ita ke ɗaukar farantin talla zuwa tasha cikin direbobi da 'yan kamasho. Ana taruwa a yi ta Allah wadai da talla, ana zagin iyaye mata da son abin duniya. Da za a hana tallar gobe ba tare da an kawo madadinta ba, gidaje da yawa ba za su ɗora tukunya ba. Yarinyar nan ita ce gidan rainon da hukuma ba ta gina ba, kuma da karatunta ake biyan kuɗin. Nan da shekara shida ko bakwai ita ma za ta zama uwa marar ilimi mai goyo a bakin wuta.

Abin da zai yiwu, kuma an gwada

Za a ce babu kuɗi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 a kan kusan dala biliyan 2, ta Jibiya zai ratsa. Ƙasar da ta iya wannan lissafi don buhunan kaya ba za ta ce rumfa da tabarma da randar ruwa sun fi ƙarfinta ba. Za a ce kuma baƙon tunani ne. To, tsarin asusun mata da ake kira Mata Masu Dubara, wanda ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya suka kwaikwaya, a yankin Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, a kan harsashin adashin da matan suka gada.

Abu na farko shi ne zauren raino a kasuwar Jibiya da tashar Magama: inuwa, ruwa mai tsabta, kunu sau ɗaya, da dattawan mata biyu ko uku da ake biya daga harajin da ƙaramar hukuma take karɓa a hannun waɗannan matan dai. A Indiya tun 1969 ake kafa irin wannan a wuraren gine-gine don 'ya'yan leburori mata. Zawarawa da tsofaffin da rikici ya koro daga ƙauyuka za su samu abin yi, 'yan mata su koma aji.

Na biyu, duk inda aka auna hannun yaro a auna na uwarsa, a duba jininta, a tambaye ta barcinta da halin zuciyarta. Ba sai an jira likitan ƙwaƙwalwa ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye yadda za su zauna da masu ciki da masu jego su saurare su bisa tsari, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ciwon damuwa ya ragu da kusan rabi. Ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19 ba ta buƙatar a koya mata amfanin dattijuwa mai shiga gida-gida.

Na uku, kuɗi a hannun uwa. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri a Jigawa da Zamfara da ke ba mai ciki naira 3,500 a wata har yaro ya shekara biyu. Binciken da ya bi shirin ya nuna tsumburewar yara ta ragu, matan kuma sun ƙara ƙarfin sana'arsu. Wannan shi ne hutun haihuwar mai waina. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa tana iya farawa da ƙananan hukumomin bakin iyaka, inda dukan ya fi yawa.

Na huɗu, duk ranar da Abuja ko Yamai za su sake tunanin rufe iyaka, a bar ƙofar masu ƙafa: majinyata, masu jego, da tsofaffin da ke zuwa wurinsu. Iyaye mata daga ɓangaren Najeriya sun daɗe suna kai yara masu tamowa cibiyoyin Ɗan Isa da Madarumfa. Rigimar shinkafa ko ta sojoji ba dalili ba ce na tsare su.

Na ƙarshe ba ya buƙatar kasafi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ake yawan jawowa don tuna wa mace shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwar a wuyan uba, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Masu huɗubar Juma'a a Jibiya sun san rabin farko da kyau. Rabin na biyu ma yana buƙatar mumbari. Magidancin da kasuwa ta tsaya masa, yana zaune a majalisa tun hantsi har la'asar, ba zai rage daraja ba don ya ɗebo ruwa, ya faskara icce, ko ya ɗauki ɗansa a kafaɗa matarsa ta runtsa na awa biyu. Idan ta zama mai ciyar da gida, rabon aikin cikin gida ba zai tsaya yadda yake a zamanin da shi ke ciyarwa ba.

Gobe da asuba mai waina za ta sake hura wuta a Magama, ko an yi waɗannan ko ba a yi ba, domin ba ta da zaɓi. Wannan ne ya sa ake samun sauƙin mantawa da ita: ba ta yajin aiki, ba ta tare hanya, ba ta da kakaki. Haƙurinta ya riƙe gari a shekarun da iyaka ke rufe, waya ke katse, gonaki ke hannun 'yan bindiga. Ta biya nata kason har da ƙari. Wanda zai sake buɗe baki ya ce mata ta yi haƙuri, ya fara miƙa hannu ya karɓi yaron.